Kaka da Shanun Kaboyi

Da likitan da ya cire wa kakata yanar ido ya san abin da zai jawo mana, ina jin da ya ɗan dakata har sanyin shekarar nan ya wuce.

A Ainu Shams aka haife ni, nan cikin Alƙahira. Baba karatu ya kawo shi daga Damagaram, da ya gama sai ya zauna yana yi wa 'yan kasuwa da marasa lafiya na gida tafinta. Mutum ne mai kamewa, ba shi da wani abin nishaɗi a duniya sai ɗaya, fim ɗin kaboyi. Ran Alhamis da an idar da Magariba zai shigo da kaset ɗin bidiyo naɗe a takarda, ya ce, "Yalla, a matso." Mama ta kawo shayi, ni da ƙanwata Asma'u mu kwanta rub da ciki a kan darduma. Turanci ba ma ji sosai, fassarar Larabci ta ƙasan allo muke bi, amma doki da bindiga ba sa buƙatar tafinta.

Sai ga mahaifiyar Baba, Hajiya Dije, an kawo ta aikin ido. Kafin aikin ba ta da matsala da kowa. Tana gefe da carbinta, in aka yi harbi ta ce, "A'uzubillahi," shi ke nan. Ranar da aka kwance mata bandeji, ranar zaman lafiyarmu ya ƙare.

"Wa ya ce su kora shanu da gudu haka?" ta tambaya, ko minti biyar ba a yi da kunnawa ba.

Baba ya ce, "Inna, sauri suke, kasuwa za su kai su."

"Kasuwar me? Ƙashi za su sayar? Saniyar da ta yi wannan gudun, kafin ta isa ta zama tsumma."

Aka ɗan jima, jarumin ya fito. Ta matso da kujerarta har tana kare mini allo.

"Wannan mai farar rigar, tun yaushe aka ce yana daji?"

"An kwana biyu, Inna."

"Rigarsa fes kamar ango. Ko uwarsa na biye da shi da sabulu? Kuma duk faɗin ƙasar nan babu baƙin mutum ko ɗaya da ya iya kiwo?"

Haka muka riƙa fama kowace Alhamis. Ba ta yarda ana kiwo a kan doki ba, ta rantse ƙarya ne. Ba ta yarda mutum zai sha duka irin wannan ya tashi hularsa tana kai ba. Abin haushin, ba ta fashi. Da ta ji ƙarar kaset ya shiga, ita ce farkon zama. In na ce, "Kaka, don Allah ki bari mu ji mana," sai ta ce, "Rufe mini baki, mijin banza, ko cefane ba ka bayarwa sai tsiwa." Kowa ya yi dariya, ni kuwa kamar in fashe.

Wata Alhamis abin ya wuce wasa. A fim ɗin, wani ya harba bindiga kusa da garke, shanu suka firgita suka zabura, suka bi ta kan wani mutum da ko sunansa ba a faɗa ba. Kiɗa ya tashi, jarumin ya zaburi doki ya sha gabansu, aka wuce. Ni da Asma'u muka hau tafi. Sai kawai Kaka ta miƙe ta tsaya a gaban talabijin.

"A kashe abin nan."

Baba ya sassauta murya ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Inna, tarihin ƙasarsu ne. Haka aka yi."

"Kana wurin?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ai dukanmu ba ma wurin."

Ban taɓa jin Baba ya mayar mata da magana ba sai ranar. Ta ja mayafinta ta fita, muka ji tana hawa matakala tana nishi. Mama ta dube ni ta ce, "Ɗauki bargo ka bi ta." Daidai lokacin da za a fara harbe-harbe! Na fizgi bargon ina ƙunƙuni, ina jin a duk Masar babu yaron da aka zalunta kamata.

A saman bene na same ta. Ba ta yarda da hitar ɗumama ɗaki ba, ta ce tana busar da jini, don haka ta sa mai gadin gidan ya samo mata kasko da gawayi. Tana zaune tana fifita wutar tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabarun maƙwabta, jirgin ƙasa na metro yana wucewa can nesa. Na yafa mata bargon zan juya, ta kama hannuna.

"Zauna. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai ka ce ta zo mu ji ta ba."

Ta tura dankali biyu cikin toka, ta fara. Mahaifinta ɗan koren shanu ne. Fatake su sayi shanu a arewa, su kuma su kora su da ƙafa har ƙasar Kurmi, tafiyar watanni. "A hankali ake tafiya," in ji ta, "saniya na ci tana tafiya. Kai ke bin ta, ba ita ke bin ka ba." Tana da wa, Habu, wanda shekarar nan ce tafiyarsa ta farko. Ya yi mata alkawarin zane daga Kurmi, ta bi 'yan matan unguwa kaf ta faɗa musu.

A wani zango kusa da kogi, aka ce akwai ɓarayi. Cikin ayarin akwai wani mai son a san shi, yana da bindigar adaka. Ya ji motsi a ciyawa, bai tambayi kowa ba ya harba. Shanu suka tashi gaba ɗaya kamar ƙasa za ta tsage. Habu na kwance a bakin burtali, ta kansa suka bi.

"Babu wanda ya bi su da gudu," ta ce. "Wa zai bi? Babanmu ya zauna da ɗansa a cinya har ya cika. Shanun kuwa sai da aka yi kwanaki ana bin sawunsu da kanwa a hannu, ana kiran su. Babu likkafani a daji. Rawaninsa ya kwance ya naɗe shi, suka yi masa salla, suka binne shi gindin wata bishiya da har ya mutu bai iya kwatanta mana inda take ba."

Ta juya dankalin da yatsa, kamar wutar ba ta da zafi.

"Ina ƙofar gida ina jiran zanena, na hango babanmu kai babu rawani. Ban taɓa ganin kansa a waje haka ba. Tun kafin ya buɗe baki innarmu ta zube." Ta ɗago ta dube ni da sabon idon nan nata. "Ku kuma an tattake ɗan wani, kuna tafi."

Sai na ce, "Kaka, ai wasa ne, bai mutu ba."

"Na sani, ba yau aka haife ni ba. Amma uban naka ya ce tarihi ne. In tarihi ne, ina wanda ya yi masa wanka?"

Daga ranar nakan hau mata sama da yamma, ta yi ta ba ni labarin hanya. Ban daina kallon kaboyi ba, ita ma ba ta daina zuwa tana ɓata mana ba, har zafi ya shigo ta koma gida. Ba ta sake zuwa Masar ba.

Da na girma na shiga jami'a a Giza, na karanta tarihi, haushin ya sauya salo. Na gano cewa a maganar doki Kaka ce ba ta da gaskiya, a kan doki suke kiwonsu. Amma a hankali suke kora shanu kamar yadda ta ce, kuma da yawa cikin makiyayan baƙaƙen fata ne da mutanen Meziko, fim ne ya share su. Harbe-harben tsakar gari ma bai kai yadda ake nunawa ba. Na zama mutumin da ba a son kallon fim da shi.

Bara na je gaida Baba, ya tsufa, gwiwa ta hana shi fita. Na zauna na zazzage masa duk abin da na karanta. Ya bari na gama ya ce, "Khalas, ka gama? Kana tsammani ban san ƙarya suke ba? Ni baƙo ne a garin mutane, na wuni ina fassara ciwon wasu. Wuri nake nema da ake gama rigima kafin a kira Isha'i."

Sai na ba shi labarin Habu. Ya ce ya sani, amma shi Kaka ce masa ta yi kura ce ta firgita shanun, kuma ba a bakin kogi ba ne, a gindin dutse ne. Gwaggona kuwa ce mata ta yi tsawa ce ta firgita su. Na riƙe kai. Shekara da shekaru ina auna finafinan Turawa da labarin Kaka, ashe ma'aunin ma yana da baki uku!

"Ita ma ba ta wurin," in ji Baba. "Ji ta yi. Abin da ta gani da idonta kan mahaifinta ne babu rawani, kuma wannan bai taɓa canzawa a bakinta ba."

Na daɗe ina juya maganar. Har yanzu ina jin haushi in an sa wa mutum bindigar da ba a ƙera ba a zamaninsa, ko an goge mutane daga tarihin da suka yi da guminsu. Amma ina ganin ba wannan ne ya tayar da ita daga kujera ba. Labari yakan ɓatar da kogi ya kawo dutse, a yafe masa. Abin da ba ta yafe ba shi ne labarin da mutum zai faɗi a cikinsa a wuce, kamar ba shi da mai jiransa a ƙofar gida.

Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo masa wani tsohon fim in haɗa da talabijin. Na haɗa ina mita. Can aka harbe wani a bakin rijiya, jarumin ya hau doki ya yi gaba. Sai na ji Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah sarki, bawan Allah. Ko ɗan waye."

Na ce, "Baba, ɗan wasa ne fa, bayan an ɗauka tashi ya yi ya karkaɗe rigarsa."

Ya ce, "Na sani. Yi mana shiru, ka cika surutu."