Ranar da Delbert Haugen Ya Kasa Saukowa

Shekara arba'in da ɗaya Delbert Haugen ya yi yana gyaran tarakta a wani ƙaramin gari na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, bai taɓa tuƙa jirgin sama ba. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya tare a rumfar da ake adana tsofaffin jiragen yaƙi a bayan gari. Jirage huɗu ne a ciki. Uku sun mutu murus, an tsiyaye musu mai, an bar su don 'yan kallo. Na huɗun ne mai sauran numfashi, shi ma albarkacin Delbert, wanda ya shekara tara yana kwance injinsa yana ɗaurawa.

Rumfar tana da doka guda mai zafi. Duk wanda ba zai iya fitowa daga kujerar matuƙi da kansa ba, ya gama hawa ke nan, don in wuta ta tashi babu mai ɗauko shi. Tsofaffin da ke aikin ne suka kafa ta, har da Delbert. Ta riga ta sauko da mutum biyu, ga su can bakin ƙofa suna yi wa baƙi sannu da zuwa. Delbert ya fi tsoron kujerar bakin ƙofar nan a kan kabari.

Wata Talata da hantsi ya hau don ya gwada birki. Ya gama, ya dafa zai miƙe, ƙugu ya ce bai san zance ba. Ya sake yunƙurawa, zafi ya soke shi har ƙeya. Wurin kuwa an yi shi ne don saurayi ɗan shekara ashirin, ba don mai saba'in da tara ba: ƙarfe a kafaɗar dama, ƙarfe a ta hagu, gwiwoyi a tokare. Haka ya zauna zuru, gumi na bin bayansa duk da sanyin rumfar.

Wasu baƙi, mata da miji, suka tsaya a ƙasa. Matar ta ce, "Kai, dubi mutum-mutumin nan, kamar mai rai!" Delbert bai ko ƙifta ido ba har suka ɗauki hoto suka wuce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Can sai ga Marlys, mai riƙe da makullan rumfar, wadda suka yi firamare tare.

"Kai tsohon banza, gahawarka ta huce. Ko yaƙi za ka tafi ba sallama?"

"Aiki nake."

"Wane aiki, hannu a cinya? Awa biyu fa!"

"Ke dai kin cika sa ido. Je ki abinki."

Ba ta tafi ba. Ta hau tsani tana haki, ta leƙa, ta ga yadda gumi ya jiƙe masa riga. Nan take tsiyar ta bar bakinta.

"Babu kowa a nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kama wuyana. Ni ban ga komai ba."

Kunya ta kama shi, amma ya kama. Ta ja, ya yunƙura, tsanin ya yi girgiza har ta kusa kifawa. Sau uku suna gwadawa. Ina! Tsohuwa ba ta ɗaga tsoho. Suka tsaya suna numfashi, kowa ya kau da kai.

"Sai na kira mazan nan, Delbert."

"Na sani."

Ya ɗora hannu a kan sandar tuƙin, ya shafa ta da babban yatsa.

"Kira su. Amma don Allah kada ki yi sauri."

Marlys ta sauka. A gindin tsanin ta durƙusa, ta kwance igiyar takalminta, ta sake ɗaurawa, ta koma kan ɗaya ƙafar.