Wankan da Ban Yi wa Inna Ba

Aikin da ya kai ni Doha girki ne, amma ba irin girkin da na sani ba. Wurin wata cibiya ce kusa da Mushairib inda masu hali ke zuwa gyaran jiki. A sama ana yoga, a tsakiya ɗakunan tausa ne, mu kuma muna ƙasa a kicin muna dafa abincin da ba mai, ba magi, gishirin ma sai a ce a yi a hankali. Ranar da aka miƙo mini garin zogale cikin wata 'yar kwalba mai kyau, aka ce da ƙaramin cokali ake zubawa, sai da na juya baya na yi dariya. Zogalen da ke bayan gidanmu a Zariya, awaki ma sun gaji da shi. Acca, kabewa, tsamiya, zoɓo ba sukari, duk abin da muka ci don babu, a nan shi ne magani. Na iya su kuwa, ba wanda ya taɓa kuka da hannuna a tukunya.

Sai korona ta zo, aka rufe sama da tsakiya, aka bar kicin kaɗai. Mu dafa, a zuba a kwali, direba ya kai ƙofar mutane ya ajiye ya juya. Motar da ke ɗauko mu daga masaukinmu a Mu'aither ta riƙa ratsa manyan tituna ba kowa, danja tana ba da hannu ga motocin da babu su. Ni da na tashi a garin da ko ido ka rufe ka san akwai mutane, shirun nan ya riƙa shiga mini har ƙashi.

A cikin wannan kullen ne, wata safiya ina fere kabewa, yayana ya kira ya ce Inna ta rasu. Zazzaɓi ne da sarƙewar numfashi, an kai ta asibiti, daga can ba a ba su ita ba sai a naɗe. Ban tambayi yadda ta cika ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, wa ya yi mata wanka? Ya ce bai sani ba, ma'aikata ne cikin rigunan leda, ba a bar kowa ya matsa kusa ba.

Inna ita ce mai wankan gawa a unguwarmu. Duk macen da ta rasu, ita ake aiko wa, kuma tun da na zama mace ni ce mai bin ta da ƙwarya ina zuba ruwa. Daga baya da bayanta ya fara ciwo, ta koma zuba ruwan, ni ina wankan. Ba ta koya mini da baki ba, a wurin ba a surutu. Hannuna kawai take kamawa ta ɗora inda ya dace. Sau da yawa idan mun fito muna wanke ƙafa a tsakar gida takan ce, "To ni dai na huta, na san wanda zai wanke ni." In ce ta daina irin wannan magana, ta yi mini dariya. Ga shi ta tafi ba jirgi, ba hanya, ni ina wata ƙasa da wuƙa a hannu.

Malamar yoga ta cibiyar wata siririyar 'yar Indiya ce mai sanyin murya. Da ta ga ba ɗalibai, ga mu 'yan kicin da 'yan wanki kullum fuska a murtuke, sai ta ce mu riƙa hawowa sama da safe kafin a kunna wuta. Da farko na ƙi, na ce ba zan je a sa ni bautar da ban sani ba. Da na leƙa na ga miƙa ce da lanƙwasa da jan numfashi, na shiga da hijabina, kuma gaskiya ƙuguna ya gode mata. Abu ɗaya ne ban so ba. A ƙarshe kowa zai kwanta rigingine, hannu a gefe, ba motsi, ita kuma ta bi ta lulluɓa wa kowa farin mayafi har wuya saboda sanyin ɗakin. Wata rana na ɗaga kai na duba. Mata jere a ƙasa cikin fari, nesa da juna, baki da hanci a rufe da takunkumi, ba ka jin numfashin kowa. Na koma na kwanta ina karanta abin da na iya.

A nan muka saba da wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi da ke ɗakin wanki, kowa na ce mata Mma. Gajera ce mai jiki, bakinta ba ya gajiya. Korona ta kwantar da ita a asibiti har an fid da rai, ta dawo da 'yar haki a ƙirji da dariyarta yadda take. Ita kaɗai na gaya wa rasuwar Inna ta zauna ta yi kuka da ni, amma ban gaya mata sana'ar Inna ba. Ban gaya wa kowa ba a Doha, don na san wasu ba za su ƙara cin abincina da daɗin rai ba.

Da gari ya buɗe aka fara shirin gasar cin kofin duniya, cibiyar ta ce za a yi baƙi da yawa, tana neman ƙarin masu tausa, duk ma'aikaciyar da ke so za a koya mata. Na ba da sunana, Mma ma ta bayar. Na gaji da tsayuwa gaban tururi, kuma ina son in taɓa mutum ya ce ya ji daɗi. Malamar yogan nan ce ke koyarwa. Ta nuna mana yadda ake ɗumama man kwakwa a tafin hannu, yadda ake bin jijiya, yadda ake rufe jiki da mayafi ba a buɗe sai wurin da ake aiki. Wannan na ƙarshen ba sai an koya mini ba. Tun makon farko ta riƙa kiran sauran su zo su ga yadda nake juya mutum ba tare da zanensa ya zame ba. Ta tambaye ni inda na koya, na ce a gida.

Bibbiyu muke yi, ɗaya ta kwanta ɗaya ta yi, kuma Mma ce abokiyata. Wata rana da hantsi malamar ta ce yau ba za ta yi magana ba, kowa ta bar hannunta ya bi jiki da kansa. Ta rage fitila. Mma ta kwanta, na rufe ta, na fara. Na san na fara daidai, daga kafaɗa. Abin da ya biyo baya kuwa kamar daga nesa nake kallonsa. Na ɗan tallafo bayanta na shafa cikinta a hankali zuwa ƙasa. Na bi hannun dama har gwiwar hannu, na koma na hagu. Na shafa leɓenta da yatsa, na shafa hanci, na zagaya kunnuwa. Na gama ɓarin dama kaf kafin in taɓa na hagu. Na haɗa manyan yatsun ƙafarta wuri ɗaya, na dawo na sa tafi ƙarƙashin haɓarta na rufe bakin, sannan na ja mayafin na rufe mata fuska.

Daga ƙarƙashin mayafin na ji muryarta, ƙasa ƙasa.

"'Yata, ni ban mutu ba tukuna."

Na janye hannuna. Ta yaye mayafin da kanta ta tashi zaune tana kallona, ba fushi a idonta, amma dariyar nan ta ɓace. Malamar ba ta gane komai ba, ta dai ce ba a rufe wa baƙo fuska. Amma akwai wasu 'yan Zango biyu a gadon da ke kusa, sun ga komai tun daga shafar ciki, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a ɗakin gawa ta san wannan jerin. Kafin azahar maganar ta kai ɗakin wanki. Washegari wadda muke cin abinci a kwano ɗaya ta ce ta ƙoshi.

Ban ji haushinsu sosai ba, don ni ma tsoron hannuwan nake ji. Na sake gwadawa da wata 'yar Filifin da ba ta san komai ba, ina kaiwa cikinta na ji hannuna yana neman hanyarsa ta dā, na janye na ce kaina ke ciwo. Malamar ta ce ƙofa a buɗe take, duk ranar da na shirya in kawo wadda za ta kwanta a gwada ni. Wa zan kawo? Na koma kicin. Ko kaza nake wankewa sai in tsaya in duba ta wane ɓari na fara. Na fara yarda cewa hannuna na matattu ne, ba zai taɓa yi wa mai rai amfani ba, kuma wannan tunanin ya fi komawa kicin ciwo.

Aka fara gasa, garin da na sani shiru ya cika har ba wurin sa ƙafa a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Abokan karatuna suka sa sababbin riguna suka hau tsakiya, har da Mma. Tun ranar da na rufe mata fuska ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa.

Ranar da 'yan ƙwallon ƙasar su Mma ke wasa da la'asar, cibiyar ta zama wayam, baƙi da ma'aikata duk sun tafi kallo. Ina goge tebur sai ga ta a ƙofar kicin.

"Wanke hannu ki zo," ta ce.

"Mma, ba ki je kallon ba?"

"Su ci ko a ci su, ba ni za a ba kofin ba. Yalla, taho."

Ta kai ni ɗakin tausa na ƙarshe ta rufe ƙofa. Ana jin ganguna daga titi, amma kamar daga wani gari. Ta zauna a bakin gado ta tambaye ni wa ke wankan gawa a gidanmu. Na gaya mata. Ta tambaya wa ya wanke Inna, na ce ban sani ba. Ta daɗe tana gyaɗa kai.

"Shi ne," ta ce. "Aikin ne yana nan a hannunki, bai samu inda zai sauka ba. Ranar nan ma ban bar ki kin gama ba."

Ta cire takalmi ta kwanta ta ja mayafi.

"Mma, Allah ya sawwaƙe. Ba kyau."

"Ba ruwa, ba likkafani, mene ne ba kyau? Ni na je bakin ƙofar nan na dawo, ba ya ba ni tsoro. Ki yi wa uwarki abin da kika yi niyya, ki yi shi duka. Halas, shi ke nan, na yi shiru."

Ta rufe ido, ta kuma yi shirun da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na matsa kusa da gadon. Sannan na yi bisimilla na ɗora hannu.

Wannan karon ina sane da kowane motsi. Na yi mata alwala da busasshen hannu, na bi dama, na bi hagu, na sake, na sake. Jikin tsohuwa ne, fatar hannu ta saki, dugadugai sun tsage, gwiwa ta kumbura irin ta wadda ta yi shekaru tana durƙuso gaban murhu. Tun ina ganin Mma har na daina ganinta. Ɗakin ba komai sai man kwakwa, amma wallahi ƙamshin ganyen magarya da kafur na riƙa ji, har na waiwaya in ga ko wani ya shigo da ƙwarya. Ba kowa. Na warware ɗankwalinta na raba furfurar gida uku kamar yadda ake yi wa mata. Na ce, Inna ki yafe mini, ga ni na zo. Kukan da ban yi ba ranar kabewa ya zo mini a nan, ina yi ina aiki, don ba a tsayawa a tsakiya. Na haɗa ƙafafun, na rufe bakin, na ja mayafin har sama, na yi addu'ar da Inna ke yi.

Na ja da baya na tsaya. A waje aka yi wata irin kururuwa, sannan aka yi tsit. Farin mayafin bai motsa ba. Na ƙura masa ido ina jira ya ɗaga ko kaɗan a wurin ƙirji, na tuna hakin da take fama da shi. Na kira ta. Na sake kira.

Sai hannu ya fito daga gefen mayafin, yana laluben iska.

"Kin gama?"

"Na gama, Mma."

"To kama ni in tashi, bayan nan ya riƙe."

Duk matan da na yi wa wannan aiki, ba wadda ta taɓa miƙo mini hannu. Na kama shi da hannu biyu. Da ɗuminsa, har da gumi a tafin, kuma ta riƙe ni da ƙarfi sai da yatsuna suka yi zafi. Na ja, ta tashi.