Tururuwa a Bakin Ludayi

A Gure na haifi 'yata ta fari, shekara biyu bayan an turo ni koyarwa daga Maradi. Babu uwa kusa, babu inna. Da burodi da sardin da shayi mai madarar gwangwani na raini cikin nan, don a lokacin ina ganin fura da miyar kuka abincin waɗanda ba su shiga lakkol sun yi boko ba ne.

Kwana ashirin da haihuwa cikin jaririyar ya kumbura, tana miƙa tana tsala kuka. Da hantsi sai ga tsohuwar da muke katanga ɗaya, mai sayar da kanwar Gidigir, riƙe da ludayi.

"Madam, tatso."

"Iya, me za a yi da shi?"

"Wadda ba ta iya ƙarya ba, ita za mu tambaya."

Na san gwajin. Tururuwa ake jefawa cikin nonon. In ta fito, lafiya. In ta mutu nono ya ɓaci, sai a raba yarinya da mama a koma na akuya, kuma ba duk 'ya'yan da aka yi wa haka ne suka ga yaye ba.

Na tatsa, ta jefa. Tururuwar ta kewaya sau biyu, ta kama gefe, ta hau. Har na saki ajiyar zuciya, sai ta tsaya cak a bakin ludayin. Tsakar gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Tsohuwar ta kai ludayin kunnenta, ta daɗe.

"Ba ta mutu ba," in ji ta. "Amma tana fito."

"Iya, tururuwa ba ta da huhu. Ni ke koyar da wannan."

"To, sai ki koya mata."

Ta bar min 'yata a mama, ta kwashe gwangwanayena. Kullum sai ta shigo da kunun kanwa, wake, zogale, nono mai tsami, ta tsaya a kaina har in cinye. "Abin da kika haɗiye shi take sha," take cewa. "Wata tara kina ba ta ƙarfe." Kafin arba'in cikin ya saɓe.

Yarinyar na da shekara uku, tsohuwar ta riga ta rasu, wata azahar na ji siririn fito a bayan randa. Na ɗauka iska ce. Ashe ƙirjin 'yata ne. A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce asma ce. Na tambaye shi ko abincina ne ya jawo, ya ɗaga kafaɗa, ya ce wataƙila da hannunsa, wataƙila gado ne.

Da cikin ƙaninta kuwa miyar kuka da wake na ci har suka gundure ni. Bayan suna na rufe ƙofa, kada abokan aiki su gani, na tatsa a ludayi, na jefa tururuwa. Tururuwar ta fito. Na kai kunne, na riƙe numfashina. Ban ji komai ba sai fiton yayarsa daga ɗaki.