Juma'ar da Muka Je Ganin Dutse

A shekarar da matata ta rasu ina tuƙin motar kaya a wani kamfani a Sulay, wata unguwar masana'antu a can ƙasar Makka. Wata rana da hantsi yayata ta kira ni daga gida, ina cikin layin lodi. Ta ce sai haƙuri, rai ya yi halinsa bayan asuba, za a yi jana'iza kafin azahar. Na ce to. Na ƙarasa lodin, na kai kayan unguwar Nasim, na dawo. Kafin kafilina, Balaraben da takardun zamana ke hannunsa, ya amince a ba ni izinin fita ƙasar har an yi sadakar bakwai, sai na ce a bar shi kawai. 'Ya'yanmu mata biyu suka koma hannun yayata.

Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Ina cin abinci, ina salla, ina tuƙi. In an yi mini gaisuwa in amsa yadda ake amsawa, mai gaisuwar ya share hawayensa ni ina kallonsa.

Mu huɗu ne a ɗaki. Babbanmu wani dattijo ne mai walda, mutumin Birnin Kudu, kowa Baba yake ce masa. Wata rana ya dawo daga aski da labari a bakinsa. A talabijin ɗin shagon ya ga wani shiri kan 'yan asalin ƙasar Ostireliya, baƙar fata, waɗanda kakanninsu suka zauna a bakin wani babban kogi tun ba a san rubutu ba. An nuno zanen da suka bari a jikin duwatsu, da tulin ɓawon ƙumbar kogi da suka ci suka zubar, da gurbin murhunsu.

"Kamar na garinmu," in ji shi. "Mu ma akwai shanu a zane a jikin dutse. Muna yara a wurin muke wasa, ba mu san abin kallo ba ne. Mai askin ya ce nan ma akwai irinsa, can hanyar Makka. Kai za ka tuƙa mu."

Na ce to.

Daga ranar Baba ya samu abin yi. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya tambaye shi dutsen. A wani masallaci a unguwar Ud ya samu wani ɗalibi ɗan Nijar da ya taɓa zuwa, ya nuna masa hanya a waya, ya ce sai dai babu ko ɗigon ruwa a wurin. Wannan bai yi wa Baba daɗi ba, don shi kogin nan na talabijin ne ya tsaya masa a rai. Sai ya raba tafiyar biyu: dutse da safe, da yamma mu gangara Wadi Hanifa, inda ruwa ke gudu a kudancin gari. Ya aro mota wurin wani ɗan kasuwa a unguwar Bataha, aka ɗaga tafiyar saboda zafi, aka sake ɗagawa saboda mai motar ya yi baƙi. Ya sayo tabarma. Ya wanke risho.

Komai sai ya tambaye ni.

"Kaza ko rago?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

"Ba ɗaya ba ne, ɗana. Zaɓi."

"Kaza."

Na san don ni yake yi. Shi ma ya san na sani. 

Da sanyi ya shigo ranar tafiyar ta tsaya, sauran 'yan ɗakinmu biyun aka riƙe su wurin aiki, muka tafi mu kaɗai. Mun sauka daga kwalta muka ɓata, muka dawo, muka sake shiga, sannan muka gan shi, wani curin dutse shi kaɗai a fili. Baba ya tuɓe takalmi ya hau, yana nishi. Fuskar dutsen baƙa ce kamar gindin tukunya, an ƙwaƙule ta da zane: dabbobi masu dogayen ƙaho, mutane riƙe da baka, da wata jimina da 'ya'yanta a biye.

"Jimina a nan!" Ya juyo yana dariya. "Ashe da akwai ciyawa a ƙasar nan. Akwai ruwa. Wani ya zauna daidai inda kake tsaye ya yi ta sassaƙa, ba wanda ya sa shi."

Na dubi jiminar da 'ya'yan nata. Na san me ya kamata in tuna, na kuma tuna ɗin, amma kamar labarin wani ake ba ni. Na taɓa zanen. Dutsen da sanyi. Baba ya ce in ɗauke shi hoto, na ɗauka, ya ce idonsa a rufe, na sake.

Muka yi Juma'a a masallacin wani gidan mai, muka juyo gari. Ruwan Wadi Hanifa bai kai faɗin da ya ƙiyasta ba, kore-kore ne, da ɗan wari in iska ta juyo, ga allo an hana wanka. Iyalai sun shimfiɗa dardumai, yara na jefa wa agwagi burodi. Baba ya daɗe a tsaye hannu a ƙugu.

"Wannan ai rafi ne," ya ce. Sai ya shimfiɗa tabarmar.

Ya dafa shinkafa da kazar, gishiri ya yi yawa, muka cinye. Bayan la'asar ya ba ni labarin ɗansa na fari, wanda ya rasu shi yana Jidda, shekarun baya. Ya ce sai da damina biyu ta wuce a gida sannan kukan ya zo masa, yana tsaka da walda, ya ajiye ƙarfen ya zauna a ƙasa. Bai ce ni ma haka zai zo mini ba. Ya zuba mini shayi.

A hanyar komawa ya yi barci, bakinsa a buɗe. Na mayar wa mai motar motarsa, na yi godiya, muka hau bas zuwa Sulay. Washegari aka ba ni lodin kwalayen sabulu zuwa garin Karaj. Jan yashi ya cika mini takalmi, na kakkaɓe a bakin sito na tada mota.