Yaya Rolande da Murhun Normand

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ɗiyarki Ginette ta kira ni daga asibiti ta ce kin cika. Ban yi kuka ba, Yaya. Na riga na gama kukan tun ranar da na same ki a durƙushe.

Duk garinmu Madawaska an san murhun ɗumama gidanku. Mijinki Normand ne ya sayo shi, irin mai saƙa a ciki kamar ta zuma, wadda ke cinye hayaƙi ta mai da shi zafi. A kanti yakan bugi ƙirji ya ce lodi ɗaya na kai shi yini. Bai taɓa faɗin wa ke lodin ba. Ke kike fasa itace ki jera shi ya shekara biyu yana bushewa. Ke kike tsayawa kan allurar ma'aunin zafi har ta hau, sannan ki rufe ƙofar hayaƙi don wuta ta bi ta cikin saƙar. Idan murhu ya huce ki share ta da lallausan buroshi, ki duba igiyar da ke toshe bakin ƙofarsa, ki kwashe toka.

Shekarar da ƙanƙara ta tsinke wayoyin lantarki, rabin layinku a falonki suka tare. Kin dafa miyar kaza a kan murhun, kin toya musu waina, kin ba tsohuwa Madam Ouellette gadonki kika kwana a kujera. Normand aka yi wa godiya, ya kuma karɓa.

Da ciwon huhu ya kwantar da ke bara, likita ya ce ko ƙamshin hayaƙi kada ki shaƙa. Murhu ya koma hannun Normand. Busasshen itacenki ya bai wa abokin farautarsa, sannan ya riƙa cusa wa murhun ɗanye, da katakon tsohon shinge mai fenti, da robobin abinci. Kin roƙe shi daga kan gado, ya ce wuta wuta ce. Saƙar ta toshe, hayaƙi ya dawo cikin gida, labulenki suka yi baƙi.

Wata Lahadi bayan coci na shigo na tarar da ke a durƙushe a gaban murhu, bututun iska a hancinki, hannunki har gwiwa cikin toka. Shi yana kishingiɗe cikin bargo yana kallon wasa. Na ce masa bai ji kunya ba? Ko juyowa bai yi ba.

"Ita ta san kayanta," ya ce. "In ɗaukarta kika zo yi, bari ta hura tukuna."

Na ce ki tashi mu tafi gidana. Kika ce in kin tafi ruwan famfo zai daskare, bututu ya fashe. Sati bai zagayo ba motar asibiti ta ɗauke ki.

Ranar da aka yi miki addu'a, muna cin abinci a zauren coci, Normand ya matso kusa da ni da faranti cike da nama. Na ɗauka maganarki zai yi.

"Ke Lorette," ya ce, "yayarki ba ta nuna miki yadda ake sarrafa abin nan ba? Gidan ya zama firji."

Kin nuna mini, Yaya. Na iya sarai. Na ce masa ban sani ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya ba ki hutun da ba ki samu a gidanki ba. Ginette, ke da 'ya'yanki, Allah ya sanyaya muku zuciya, ƙofata a buɗe take gare ku. Ina yi wa maƙwabta ta'aziyya, musamman waɗanda suka ci miyarki suka ga hayaƙi na fita ta taga ba su ƙwanƙwasa ba. Normand kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai a gidan nan. Sanyin bana ma bai kusa ƙarewa ba.