Ustazu da Dutsen Ɗakin Masu Karaya

Duk wanda ya kwanta a ɗakin masu karaya na babban asibiti a daminar bara ya san Ustazu. Ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a wata kwalejin addini da ke can wani ƙaramin gari, aka turo shi birni wata uku ya koyi aiki a hannun limamin asibiti. 'Yan ajinsu an rarraba su kotuna da makarantu. Shi kuwa rabonsa ya faɗa kan marasa lafiya, bayin Allah da ba su yi wa kowa laifi ba.

Kwaleji ta ba shi wani littafi mai koren bango da zai riƙa rubuta aikin kowace rana. A shafin ƙarshe akwai gurbin sa hannu biyu, na liman da na shugabar ɗakin da ya yi aiki. In babu biyun nan babu takardar kammalawa, sai dai ya maimaita shekara. Mahaifinsa kuwa ya riga ya gama sanar da dangi, har da waɗanda ba su tambaya ba, cewa yaro na nan dawowa da takarda.

Wurin ɗan kawunsa mai gyaran waya ya sauka, ɗaki ɗaya a saman bene, katifa ɗaya, da fanka mai kuka kamar ana zare mata rai. Rabin ɗakin matattun wayoyi ne a kwali. Kullum bayan asuba zai bi layin banɗaki da bokitinsa, ya goge farar rigarsa har sai ta kusa tsayawa da kanta, ya hau mota biyu kafin ya isa. A motar yakan buɗe littafi wai zai yi bita, kafin ya kai layi na uku an ɗora masa jakar wata ko ɗan wata a cinya. Lif ɗin asibiti sau ɗaya ya taɓa shiga. Ta yi sama da shi, ta yi ƙasa da shi, ta dire shi inda ya shiga. Tun daga ranar hawa biyar ɗin da ke kai mutum ɗakin masu karaya da ƙafa yake hawansu, yana haki yana tasbihi.

Ofishin Baba Liman yana can ƙasa, bango ɗaya da ɗakin ajiye gawa. Tsohon ya daɗe a asibitin har ya fi wasu gine-ginen shekaru, kuma yana da tsarinsa da kowa ya sani, daga likita har mai shara. In zagayen gaisuwa zai yi, da tsohuwar rigarsa yake shiga, ya tambayi wannan ya jiki, ya tsokani wancan. Amma in ka gan shi da farar riga da littafi a hammata yana tafiya a hankali, to kiransa aka yi, kuma ba a kiransa sai likitoci sun mayar da alƙalami aljihu. Babu wanda ya gaya wa Ustazu wannan. Baba Liman ba mai yawan magana ba ne, a ganinsa ɗalibi da ido yake koyo.

Sai kuma turare. A bakin ƙofar asibiti akwai wani mai tebur da ke sayar da farin yadi da kwalaben turare. Ustazu ya ga kwalba ƙatuwa, ga araha, ya saya ya riƙa bulbula wa jikinsa. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya haɗa turare da farin yadi a ƙofar asibiti ba. Duk wanda ya taɓa shirya ɗan'uwansa ya san ƙamshin nan tun daga nesa.

To haka ya fara shiga ɗakin masu karaya: farar riga, littafi a hammata, ido a ƙasa, tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai, ga ƙamshi ya riga shi isa. Zai zaɓi gado, ya jawo kujera wajen kan mutum, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Shi a wurinsa ladan duba mara lafiya yake kwasa. Su kuwa da sun ji ƙamshi sai kowa ya ja bargo. An ce akwai mai karaya a ƙafa biyu da ya riga masu jinya isa banɗaki. Kafin sati ya zagayo sun raɗa masa suna Sammaci.

Abin ya fashe ne a kan wani mai shagon taya da ya karye a hannu, wanda za a sallama washegari. Matarsa ta fita sayo ruwa, ta dawo ta tarar da Ustazu a kansa ido rufe yana karatu, maigida kuma ya yi barci baki buɗe. Ba ta tambayi kowa ba, ta saki ledar ruwa ta hau waya. Kafin la'asar dangi sun cika mota guda sun iso da tabarmi. Mutumin ya farka ya tarar da ƙaninsa yana tambayar matar inda makullin shago yake. Har yau ba sa ga-maciji.

Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Metiron, mace ce gajeriya mai tabarau a kan hanci. In ta taho, har ruwan da ake ƙara wa mutum sai ya gyara ɗigarsa. Ta kira Ustazu ofishinta, ba ta ce ya zauna ba. Ta gaya masa sati uku ya rage masa. Daga yau babu farar riga, babu wannan turaren, babu karatu a kan kowa sai wanda ya kira shi da bakinsa. In ta sake jin ƙara ɗaya a kansa, ya ɗauki koren littafinsa ya nemi wata ta sa masa hannu, kuma ta tabbatar masa babu wata.

Ya sauko ya kai kuka wurin Baba Liman. Tsohon ya sunsuna kafaɗarsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ɗana, koma ka zauna kawai. In an ce miƙo, ka miƙa."

Washegari ya zo cikin rigar ɗan kawunsa mai hoton waya a ƙirji. Kwana biyu babu wanda ya yarda da shi. A na uku wani ya matsu, nas ba ta kusa, ya ce a miƙo masa fo. Shi ke nan aiki ya buɗe. Ustazu ya koma mai miƙa fo, mai ɗaga gado, mai sa waya a caji, mai ɓare lemo, mai sosa wa mutum bayan da hannu ba ya kaiwa. Da yamma in ya buɗe littafinsa sai ya rubuta "ziyarar marasa lafiya", don bai ga yadda malamansa za su karanta fo a takardar kwaleji ba.

A gado na tara akwai wani tsohon direban babbar mota. Ƙafarsa na rataye a sama da ƙarfe, ga ɗinki a fuska da damtse da likita ya hana ruwa ya taɓa. Bakinsa kaɗai ne bai karye ba, kuma shi ne ma ya fi kowa riƙe sunan Sammaci. Kullum sai ya tambayi Ustazu yau wa aka aiko shi ya ɗauka, ya ce in shi ne a ce ba ya nan.

Wata rana bayan azahar, masu jinya sun fita, Direba ya yafito shi. Ya fara da labarin wani abokinsa wai da ya kwanta a wani asibiti, ƙafa a rataye, gado bai kalli gabas ba, ba halin alwala, har ya kwana goma sha ɗaya bai kai goshi ƙasa ba. Wai abokin yana jin kunyar tambaya, don da furfurarsa. Ustazu ya dubi ƙafar da ke rataye, ya dubi allon gado inda aka rubuta ranar da aka kwantar da Direba, ya gane abokin.

Kai, zo ka ga fuskar Ustazu. Wata biyu da rabi yana jiran wani ya yi masa tambaya. Ya gyara zama, ya ce malamai sun kasu gida uku a kan wannan, ya fara jero sunayen littattafai da na waɗanda suka yi musu sharhi.

"Ustazu," in ji Direba, "abokin nan nawa ba shi da lafiya. Taƙaita masa."

Ustazu ya haɗiye sauran da ƙyar. "Baba, ya yi taimama, ya yi sallarsa a kwance yadda yake. Ta yi."

"Ko gadon na kallon banɗaki?"

"Ko ina yake kallo, tunda ba shi da ikon juya shi."

Direba ya kalli silin. Can ya ce to da me abokin zai yi taimamar, tunda nan ko ƙura Metiron ba ta bari ta kwana.

Ustazu ya sauka hawa biyar, ya zagaya bayan asibiti inda ake sabon gini, ya zaɓo dutse mai sulɓi daidai tafin hannu. Ya wanke shi a famfo, ya sa a aljihu, ya hawo wando na rinjaye gefe ɗaya. Ya san dokar ɗakin sarai: ba a shigo da komai daga waje kusa da masu rauni. Metiron ta taɓa jefar da filon wani attajiri ta taga, ko aƙalla haka ake faɗa. Amma ya miƙa wa Direba dutsen ta ƙarƙashin bargo, ya nuna masa yadda ake yi.

Kafin kwana uku ashe abokan Direba sun yi yawa. Na gado na takwas yana da aboki, na goma sha biyu ma haka. Da an kira salla sai dutse ya fara yawo daga gado zuwa gado a ɓoye kamar kayan sata, Ustazu na tsaye bakin ƙofa yana leƙen hanya.

Rana ta huɗu da safe Metiron na zagaye, ta ɗaga filon Direba za ta gyara, sai ga dutse. Ta ɗago shi da yatsa biyu ta tambayi na wane ne. Maza ashirin da huɗu suka duƙufa kallon silin. Direba, mai bakin nan, ya rufe ido ya fara minshari.

Ustazu yana can ƙarshen ɗaki da fo a hannu. Kwana shida ya rage masa. Da ya yi shiru babu mai tona shi. Ya ajiye fo ɗin ya matso.

"Nawa ne, Mama."

"Naka. Me dutse yake yi a ɗakina?"

Babin gaba ɗaya yana kansa, da gida ukun da sharhinsu. Ya dubi tabaran nan ya ce, "Ba sa iya alwala. Da shi suke taimama su yi salla. Kafin a kawo shi wasu sun fi kwana goma ba su yi ba."

"Daga ina ka ɗauko shi?"

"Bayan asibiti."

"Bayan asibiti," ta maimaita, kamar ya ce daga cikin masai. Ta sa aka kawo mata safar hannu, ta naɗe dutsen ta fita da shi.

Ustazu ya zauna a kujerar masu jinya yana tsara yadda zai yi wa mahaifinsa bayani. Direba, da ya farka daga barcin ƙarya, ya yi ta cika baki wai da ƙafarsa lafiya da ya bi ta har ofis. Na gado na takwas ya ce ai bakinsa lafiya lau yake ɗazu.

Ana gab da kiran azahar sai ga wata nas ta turo keken kayan aiki. A kai akwai kwanon ƙarfe, a ciki ga dutse, da sauran zafinsa, an fito da shi daga injin da ake dafa almakashin tiyata. An manna filasta a jikin kwanon an rubuta lambar ɗaki. Nas ta ce Metiron ta ce kullum da yamma a mayar da shi a dafa, kuma duk wanda ta sake kamawa da shi a ƙarƙashin filo, shi da likita. A kan Ustazu kuwa ba ta aiko da komai ba. Kwana shidan nan in ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar ƙarshe ya kai mata littafin. Ta buɗe tana karantawa da ƙarfi, "ziyarar marasa lafiya, ziyarar marasa lafiya", har shafi ashirin. Ta tambaye shi to wane ne ya yi ta miƙa fo a ɗakinta, aljani? Ta ba shi biro ta sa shi ya zauna ya gyara kowane shafi, ya rubuta abin da ya yi da sunansa. Ya rubuta fo sau goma sha tara, gumi na ɗiga.

Da ya gama ta buɗe shafin ƙarshe, ta cire murfin alƙalami, sai kuma ta mayar. Ta ce labari ya kai ɗakin mata, tun jiya suke damunta, kuma ba za ta riƙa raba dutse ɗaya tsakanin hawa biyu ba.

Ya sake sauka hawa biyar. Maigadi ya same shi a bayan gini, wando a naɗe, yana ɗaga duwatsu yana shafawa a kumatu, har ya fara tunanin kiran mutanen ɗakin masu taɓin hankali. Ustazu ya hawo da guda uku. Metiron ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi na tsakiya, ta sa hannu ba tare da ta ɗago kai ba. A layin da aka bari don ra'ayin shugaba ta rubuta: "Yana jin magana, in an maimaita."

Ustazu ya kai wa Baba Liman rai a ɓace, yana tambaya ko za a iya roƙonta ta canza. Tsohon ya karanta sau biyu, ya sa nasa hannun a ƙasa, ya ce ya rufe littafin ya kama hanyar tasha tun kafin ta sake tunani, don ko babban likita bai taɓa samun yabo mai tsawon wannan daga wurinta ba.