Abin da Inna ta faɗa wa likita

Kafaɗar dama ta daɗe tana cin Inna, mahaifiyata. Tun ina makaranta take sauke ƙwaryar nono da hannun hagu, in an yi magana ta ce sanyi ne. Da cikina ya tsufa mijina ya je Iware ya ɗauko ta, ta zauna da mu a Abbare. Burinta ɗaya, ta goya abin da zan haifa. Goyo kuwa sai an kai hannu baya an ja zani, ita ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa.

A lokacin akwai wani likitan ƙashi da ke zuwa Jalingo jefi-jefi. Ba ya tsaga mutum, ƙananan huji yake yi, ya zura kyamara ya gyara. Da muka kai ta, ya ce ba kowa aikin yake yi wa amfani ba, kuma hoto kaɗai ba ya nunawa. Za a yi mata allurar kashe zafi a kafaɗar, a ɗan jira, a ce ta ɗaga hannu. In zafin ya ɗauke, nan matsalar take, aiki zai yi kyau. In bai ɗauke ba, a bar wuƙa, a nemi wata hanya.

Warin asibiti yana tayar mini da zuciya, sai na zauna a benci a waje. Mijina ya shiga da ita don ya yi tafinta, shi da yake jin Fillanci da Turanci. Har yau ƙofar ɗakin likitan nan ba ta bar ni ba. In na yi shiru ita nake gani a rufe, ni kuma ina zaune ina tsotsar lemon tsami.

Ya fito da murna. "Ta ɗaga har sama," in ji shi. "Likita ya ce, Mama, yana ciwo? Ta girgiza kai." Inna na bayansa, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar kullum in yana wurin. Likitan ya ce irinta ne suke warkewa garau.

Aka yi aiki. Wuraren hujin suka warke, ciwon bai je ko'ina ba, kafaɗar ma ta ƙara sandarewa. Wallahi ba sunan da ban kira likitan nan da shi ba.

Bayan na haihu, wata rana ina shafa mata man shanu a wurin, ina ta mita, jaririyar na kuka a tabarma.

"Ki bar bawan Allah," in ji Inna da Fillanci. "Allurar nan ba ta ɗauke komai ba. Da na ɗaga hannun kamar ana zare mini rai."

"Haba Inna, to don me ba ki faɗa ba?"

Ta dube ni da mamaki. "A gaban surukina zan ɓata fuska?"

Mijina bai sani ba, har yanzu yana ba baƙi labarin yadda ta ɗaga hannu.

Ta sunkuya ta ce in ɗora mata yarinyar. Na ɗora, na ja zanin na ɗaure mata da kaina. Ta miƙe tsaye, hannun na rataye a gefenta. Yarinyar ta ci gaba da kuka a bayanta, Inna ta kasa kai hannu ta bubbuga ta.